Kamu Ukun da Na Ƙara a Zauren Misfala

A gidanmu, in tela ya ɗinka wa mutum riga ta yi masa yawa, ko wata ta dama kunu ya fi ƙarfin kwano, sai ku ce an yi "awon Baba", ku fashe da dariya. Baban nan ni ne, amma ni ma ina taya ku. Shekara da shekaru ina taya ku, har jikokin da ba su taɓa ganin gidanmu na Misfala ba sun iya faɗa, da Larabci ma suke faɗa. Labarin da kuka gada shi ne wai ni Haruna, da ƙuruciyata, na auna zaure na yi kuskuren kamu uku, ɗaki ya fi ƙarfin itacen rufi, sai da kakanku ya taso ya fid da ni kunya. Rabin labarin gaskiya ne. Kakanku ya taso, ya kuma rufe zauren. Amma yanzu da idona ya fara raguwa, waɗanda nake jin nauyinsu kuma duk sun riga mu gidan gaskiya, bari in gyara muku ɗaya rabin. Ba na so in tafi kuna ɗauka ubanku bai iya riƙe igiyar awo ba.

Kakanku Malam Garba magini ne ɗan magini, mutumin Kano. A bayan Inna na bar gari, da ƙafata na shigo Makka, don shekara bakwai muka yi a hanya, ta Chadi da Sudan, Baba yana gina wa mutane rumbu da katanga muna samun guzuri. Ni ne ɗan fari, saboda haka daga shi har Inna ba mai kama sunana. Shi "kai" yake ce mini, ita kuma "wannan yaron", har na yi gemu. Da muka iso, mutanenmu da ake kira Takari suna zaune a Misfala, kudu da Harami, cikin bukkoki na buhu da kara da gwangwanin kananzir da aka buɗe aka daddake. Kowa ya haƙura da bukkarsa ban da Baba. Abin yana ci masa rai. Ya ce magini a bukka abin kunya ne, ko da a maƙwabtan Ɗakin Allah ne.

Sai ya shiga zagaya unguwa yana duba ƙasa, yadda ya saba. Makka dutse ce, ko'ina ka taka baƙin dutse ne, har ya fara fid da rai. Rannan ya gangara can ƙasan kwari, ya tarar da wata laka mai laushi kwance, ba tsakuwa ko ɗaya a cikinta. Ya murza ta a hannu, ya shinshina, ya dawo gida bakinsa har kunne. Nan ya kafa gida, ya haƙa ramin ɗibar ƙasa a gefensa kamar yadda ake yi a Kano, ya yi tubali da hannunsa. Wani tsohon mai sayar da ruwa, haifaffen Makka, ya tsaya yana kallonsa, sannan ya ce:

"Ya hajji, nan hanyar sel ce. Ruwan duwatsu nan yake bi. Shi ya kawo lakar nan da kake murna da ita."

Na fassara wa Baba, don Larabcinsa bai wuce na salla da na cefane ba. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ba ko ɗigon gajimare, ya yi dariya.

"Gaya masa a garinmu wata biyar ake tafka ruwa, ginina bai taɓa zama ba. Garin da ake yayyafi sau biyu a shekara ne zai koya mini ruwa?"

Ba girman kai ba ne, iyakar saninsa ke nan. Maginin Kano daga sama yake tsoron ruwa. Ya yi wa gidan rufi mai kyau, ya sa indararo, ya ɗora zanko a kusurwoyi, ya yi yaɓe har sau uku. Wato ya sa wa gida hula, bai sa masa takalmi ba. Gidan ya tsaya, ɗaki biyu da ɗan zaure, shi ne gidan ƙasa na farko a layinmu. A zauren nan ake ɗaurin auren mutanenmu, a nan ake raɗin suna, baƙon da ya sauka daga Jidda bai san kowa ba nan ake kawo shi. Abu ɗaya ne ya rage wa Baba a rai: zauren ƙarami ne, don itacen rufin da ake samu a Makka, wanda suke kira kandal, bai wuce ya haye kamu shida ba. Kullum yana ba mu labarin bakan gizo, rufin da ake lanƙwasowa daga bango biyu da guntayen azara har su haɗu a tsakiya, ba ginshiƙi, ɗaki ya yi faɗi yadda kake so. Ni ban taɓa gani ba, sai a bakinsa.

Da na tasa na shiga aiki wurin wani maginin dutse, Mu'allim Siraj, mutumin Makka, gajere mai faɗa, amma ba shi da mugunta. A hannunsa na koyi sassaƙa dutse, da kwaɓa nura, wato farar ƙasar da suke ƙonawa, da yadda ake jera itace a cikin bango don kada ya tsage, da ɗora roshan, tagar katako mai raga da ke leƙowa kan titi. Baba bai hana ni ba, bai kuma taɓa tambayata abin da na koyo ba. Abin da ya yi kawai, ranar da zan fara, ya kitsa mini igiyar awo da hannunsa, ya yi ƙulli a kan kowane kamu. Da igiyar nan na yi suna. Ba alfahari ba, amma a wajen Mu'allim in aka yi gardamar awo, ni ake kira. A shekarar da nake ba ku labari, ya riga ya yi mini alkawari bayan aikin hajji zai kai ni gaban dattawan sana'a a ba ni sunan mu'allim, abin da ba kasafai ɗan Takari yake samu ba. Na yi aure ke nan, uwarku Ramatu tana da cikin Zainabu.

Ruwan ya zo ne bayan azahar. A Misfala yayyafi kawai aka yi, a kan duwatsu aka zuba shi. Ina kan aiki a tudu na ji ƙara kamar ana jan tulin duwatsu, mutane suna ihu "sel, sel!" Kafin in gangaro, layinmu ya zama kogi, ja wur, yana tafe da tabarmi da tukwane da awakin mutane. Alhamdu lillahi mutanen gida duk sun haye kan dutse. A can na same su, Inna riƙe da Ramatu, Baba a tsaye shi kaɗai yana kallon gidansa. Ramin da ya haƙa ne ya fara cika, ruwa ya yi ta juyawa a cikinsa yana cin gindin bango. Ginin bai faɗi ba, zama ya yi a hankali, daga ƙasa yana narkewa, har rufin ya sauko ya kwanta a kan ruwa da zankayensa da indararonsa, ko tsagewa bai yi ba. Gidajen dutsen da ke maƙwabtaka suka jiƙe, suka bushe, suka ci gaba da tsayuwarsu. Wani daga cikin masu kallo ya ce da Larabci gidan Takari ya narke kamar sukari a shayi, aka yi dariya. Wannan kam Baba bai nemi fassara ba.

Daga ranar ya ajiye aiki. Ya naɗe kayan aikinsa a buhu ya cusa a bayan bukkar da muka koma, ya samu wani dutse a bakin layi ya mai da shi wurin zama. In an gaishe shi ya amsa, in an kawo maganar gini ya tashi. Mutumin da muryarsa take cika unguwa ya koma ba ka jin ko tarinsa. Abinci ma sai Inna ta yi da gaske. Wata safiya ta tare ni a bakin bukka, ta yi ƙasa da murya.

"Kai wannan yaron, kana kallo Malam zai mutu a zaune?"

"Inna, na yi masa magana. Na ce mu sake gini tare, ya ce ya gama."

"To da baki ake tayar da magini? Kai ba ɗan sana'a ba ne?"

Ta juya ta ci gaba da tankaɗe. Maganar nan ta zauna mini. Na san Baba: in na roƙe shi zai ga tausayinsa nake ji, in na gina gida na gama na ce ya shigo, zai shiga kamar baƙo, ya ƙarasa mutuwa a ciki. Abu ɗaya ne ba ya iya jurewa a duniya, ya ga ana ɓata aiki a gabansa.

Na fara gini a wurin da tsohon gidan yake, amma wannan karon da harsashen dutse mai zurfi, na kuma cike ramin. Ranar da zan kafa turakun zaure, Baba yana kan dutsensa, ya ba ni rabin baya. Na ja igiya, na ƙirga ƙulli shida, iyakar abin da kandal zai haye. Na daɗe a tsaye a nan, don na san abin da zan jefa kaina ciki. Sannan na yi bisimilla na ƙara uku, na buga turke a kan na tara. Ban gaya wa kowa ba, ko uwarku. Bango ya tashi da dutse da nura har ƙirji, daga nan na ci gaba da tubali. Yana kaiwa wurin rufi Mu'allim Siraj ya zo dubawa. Ya shiga zauren, ya taka daga bango zuwa bango, ya sake takawa, fuskarsa ta canza.

"Ya Harun, esh haza? Tara ne! Da wane itacen za ka rufe, da jigon jirgin ruwa?"

"Kuskure na yi, ya mu'allim."

"Kai? Kuskuren kamu uku? Ɗayyib. Ko ka rushe bango ɗaya, ko ka kafa ginshiƙi a tsakiya."

"Ba zan rushe ba. Ginshiƙi kuma, zaure ne, ina mutane za su zauna?"

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya kaɗa rawaninsa ya ce halas, wato magana ta ƙare, ba zai kai gaban dattawa mutumin da bai iya auna ɗakin ubansa ba, ga taurin kai kuma. Haka aka yi. Bayan hajji wani aka kai a madadina, yaron da ni na koya masa riƙon igiya. Sai bayan shekara shida na samu sunan da aka yi mini alkawari. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har na yi kwanaki ba na iya haɗa ido da abokan aiki.

Zaure ya zauna a buɗe wata uku, rana tana shiga tana fita. Unguwa ta samu sabon abin dariya, aka manta da gidan da ya narke, aka koma kan ɗan da ya gina ɗakin da ba ya rufuwa. Wannan ma riba ce, ko ba komai an sauka daga kan Baba. Uwarku kuwa, da yake haifaffiyar Makka ce, bakinta ba ya ajiye magana.

"Wallahi ya Harun, ni dai ba zan haihu a filin Allah ba. Ko ka rufe bet ɗin nan ko in tafi gidan abuya, in haihu a gidan ubana."

Na ba ta haƙuri, na ce saura kaɗan, alhali ban san ko saura nawa ba. A cikin watannin nan na yi ta tambayar masu raƙuma, har na gano akwai goruba a wani kwari a wajen gari. Na sa aka saro mini, aka zube kututtukan a ƙofar gida, daidai inda Baba zai gani daga dutsensa. Ya yi kamar bai gani ba. Mako biyu yana wucewa ta gefensu. Rannan na hango shi ya tsaya ya ƙwanƙwasa ɗaya da sandarsa, ya saurara, ya wuce.

Washegari da hantsi na faskara gorubar yadda na ga dama, na hau tsani, na fara ɗaura bakan gizo. Nan kam ba sai na yi ƙaryar rashin iyawa ba, da gaske ban iya ba. Na soka doguwar azara guda a bango na bar ta tana reto, na ɗauko wata zan ɗaura a bakinta. Mutane suka fara taruwa. Ban ɗaura ta uku ba na ji muryar da na yi wata biyar ban ji ba, ta cika layi.

"Kai! Sauko! Sauko na ce, kafin ka kashe mutane! Wa ya ce maka da doguwa ake farawa? Wa ya faskara wannan, mai itacen girki?"

Na sauko sumui sumui, na sunkuyar da kai ana yi mini faɗa a gaban jama'a, ni da gemuna, zuciyata kuwa fari ƙal. Ya aika aka ɗauko buhun kayan aikinsa. Ya ware mazan goruba daga matan, ya ce matan ba su da ƙwari. Ya sa aka yanka su gajeru, ya dasa na farko a bango ya ɗan karkato, ya ɗaure da igiya, ya lulluɓe da laka, ya ce a bari ta bushe. Kashegari ya ɗora wani jeri a kai, ya ɗan ƙara leƙowa. Haka, jeri bisa jeri, daga bango biyu, kullum kaɗan. Inna ta ce a makon nan ya fara neman ƙarin tuwo.

Labari ya kai wa Mu'allim Siraj, ya zo ganin haukar Takari. Ya tsaya yana kallo, ya kasa yin shiru, ya ce ƙafar bakan nan in ta zauna a kan laka za ta ture bango, a saukar da ita kan dutse a kama ta da nura. Baba ya ce wa ya tambaye shi. Ni ne tafinta a tsakaninsu, na riƙa tace zagin ina isar da shawarar. Da Mu'allim ya ce tsohon nan kansa dutse ne, sai na ce wa Baba yana yaba ƙarfin halinsa. Da Baba ya ce gajeren nan ya cika surutu, sai na ce wa Mu'allim yana son ƙarin bayani. A ƙarshe Baba ya dubi inda ruwa ya ci gidansa na farko, ya ce:

"Gaya masa ƙasan nasa ne. Daga ƙirji zuwa sama kuma kada ya sa mini baki."

Haka gidan nan ya tashi, kuma har yau ban ga irinsa ba. Daga ƙasa zuwa ƙirji baƙin dutsen Makka ne, daga nan tubalin Kano, an shafe shi da farar nura maimakon makuba. Ka shiga zaure ka ɗaga kai, bakan gizo biyu sun gitta juna, ba ginshiƙi, mutum talatin su zauna ba wanda ya taka wani. A soron sama uwarku ta tsaya kai da fata sai an sa mata roshan, don zafin Makka ba na Kano ba ne. Baba ya ce shi bai taɓa ganin gidan mutunci da taga tana kallon titi ba. Ta ce, "Ya ammi, ai raga ce, ni zan ga mutane, su ba za su gan ni ba." Ya hau da kansa ya leƙa ta ciki, ya sauko ya tsaya a titi ya leƙa ta waje, sannan ya yarda. Bai tsaya nan ba, ya zagaye roshan ɗin da zanen dagi da yatsunsa tun shafen yana ɗanye, ya ɗora zankaye huɗu a sama. Ranar da aka gama, Mu'allim ya tsaya a tsakiyar zauren, ya daki bakan da sandarsa, ya ƙara duka, ya ce masha Allah. Sannan ya ce in tambayi tsohon ko zai yi masa irinsa a wani gida da yake ginawa. Baba ya sa na maimaita tambayar sau biyu, ba don bai ji ba, don mutanen da ke ƙofa su ji. A soron nan aka haifi Zainabu, a zauren aka raɗa mata suna. Sel ya sake zuwa bayan 'yan shekaru, ya kai wa dutsen gwiwa, ya wuce abinsa.

Baba ya ƙara shekara tara yana aiki, ana kiransa har wasu unguwanni. Duk inda ya zauna sai ya ba da labarin yadda ɗansa ya yi kuskuren awo shi ya gyara, ni kuma in yi murmushi in ce haka ne. A bakinsa kuka gaji "awon Baba". Da ciwon ajali ya kama shi, ya ce a shimfiɗa masa a zaure, ya fi iska. Wata la'asar ina zaune a gefensa, yana kwance yana kallon bakansa, sai ya ce in miƙo masa igiyar awona. Na ciro ta daga aljihu. Ya riƙa bin ƙullin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har ya kai na shida. Ya tsaya a nan.

"Nan ka tsaya rannan. Ka daɗe a tsaye."

Na ce, "Baba, ai baya kuka ba ni."

"Magini yana da baya ne in ana kafa turke? Ni na kitsa igiyar nan. Ba ta ƙarya, mai riƙe da ita ma bai taɓa kuskuren rabin kamu ba, balle uku."

"To me ya sa ba ku taɓa faɗa ba?"

"Kai me ya sa ba ka faɗa ba?"

Hawaye suka zubo mini. Ya damƙa mini igiyar, ya haɗa da hannuna ya riƙe, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Haruna." Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar, ban kuma sake ji ba, don kwana huɗu ya ƙara.

Gidan ba ya nan yanzu, kun sani, manyan masaukai sun hau wurin. Igiyar tana cikin akwatina na ƙarfe, a ƙarƙashin fararen kaya. Ku ci gaba da cewa "awon Baba" in riga ta yi yawa, ban hana ku ba, ni ma zan taya ku dariya. Amma duk wanda ya gaji igiyar nan a cikinku, ya warware ta ya ƙirga. A duk ginin da na yi a Makka, ba awon da na yi daidai kamar wannan.